Babi na Shida: Ɗakin Niƙa

Kamfanin haƙar zinare yana iya zuba miliyoyin daloli a kan wani tsauni, ko ya tattara komatsansa ya bar wurin, bisa abin da giram 30 na garin dutse ya nuna. Giram 30 kuwa bai wuce cokali biyu na cin abinci ba. Shi ne adadin da aka fi narkawa a gwajin wuta, wanda har gobe masu wannan sana'a suka fi amincewa da shi wajen auna zinare, ko da yake wasu ɗakunan gwaji kan ɗauki giram 50. Hanyar tsohuwa ce ƙwarai, domin Georgius Agricola, likitan nan ɗan ƙasar Jamus, ya yi bayaninta dalla-dalla a littafinsa na ma'adinai da aka buga a 1556. Ana cakuɗa garin da sinadarin dalma, a narka shi a wutar da ta haura digiri 1000. Dalmar ta kwashe zinaren ta nutse da shi ƙasan tukunya, sannan a sake gasa ta a wani ɗan kasko mai tsotse dalma, sai ɗan ɗigon zinare da azurfa ya rage. Shi ake aunawa.

To, ta yaya cokali biyu zai tsaya a madadin tsauni guda?

Mu ɗan yi lissafi. A ce dutse yana da giram 1 na zinare a cikin kowane tan, wanda a manyan wuraren haƙa na zamani ana iya cin riba da irinsa. Idan ka ɗebi giram 30 na wannan dutsen, zinaren da ya kamata ka samu a ciki kashi 30 ne cikin miliyan na giram ɗaya. Ƙwayar zinare guda tak mai kaurin silin gashi biyu ta kai wannan nauyin. Saboda haka idan zinaren da ke cikin dutsen a irin waɗannan ƙwayoyin yake, cokalin farko zai iya zuwa da ƙwaya ɗaya, na biyu ya zo babu ko ɗaya, na uku ya zo da biyu. Takarda za ta fito da amsa uku da suka yi hannun riga da juna: dutsen madaidaici ne, dutsen banza ne, dutsen arziki ne. Kuma babu inda ma'auni ya yi ƙarya. Abin da aka ba shi ya auna, ya faɗi gaskiyarsa. Matsalar ta faru tun kafin a kunna wuta, a ɗakin da ake fasa dutse a niƙa shi.

Mutumin da ya fi kowa zama ya yi wa wannan matsala tunani shi ne Pierre Gy, Bafaranshe da aka haifa a 1924 ya rasu a 2015. Yana saurayi ya yi aiki a wani wurin haƙar dalma da ke M'Fouati a ƙasar Kongo, lokacin tana hannun Faransa. A can aka ɗora masa aikin ƙiyasta yawan dalmar da ke cikin wani katon tarin ma'adani, ya duba littattafai ya ga babu wata ƙa'ida mai tushe da za ta gaya masa nawa zai ɗiba, kuma ta yaya. Sauran rayuwarsa a kan wannan tambaya ta ƙare. Abin da ya gano, a mafi sauƙin lissafinsa, shi ne girman ƙwaya mafi girma a cikin tari shi ke yanke yawan abin da za a ɗiba, kuma alaƙar ba ta ɗaya-da-ɗaya ba ce. Idan ka rage kaurin ƙwayoyin zuwa rabi, nauyin samfurin da kake buƙata ya ragu sau 8 ba tare da kuskure ya ƙaru ba. Idan ka rage kaurin sau 10, ya ragu sau 1000. Daga nan ne dokar farko ta kowane ɗakin gwaji na kirki ta fito: kada ka rage yawa sai ka rage girma. A fasa, sannan a raba. A niƙa, sannan a ɗiba.

Ga yadda abin ke gudana a aikace. Jakar dutse ta iso da lambarta, kilo biyu ko uku. A auna ta, a juye a faranti, a busar a tanda mai zafin digiri 105 ko kusa da haka, domin dutse mai laima ba ya niƙuwa, manne wa ƙarfe yake yi. Sai a zuba shi a injin fasa dutse mai muƙamuƙi biyu, ɗaya a tsaye ɗaya yana kai da komo, dutsen yana gangarowa tsakaninsu yana farfashewa. Eli Whitney Blake ne ya ƙirƙiri irin wannan inji a Amurka a 1858 domin fasa tsakuwar shimfiɗa hanya, na ɗakin gwaji kuwa ƙaraminsa ne kawai. Abin da ya fito yawancinsa bai wuce milimita 2 ba. Daga nan sai akwatin rabo, mai ramuka a jere, wannan yana zubarwa dama na kusa da shi yana zubarwa hagu, har a samu giram 250 zuwa kilo ɗaya. Ba a yarda ma'aikaci ya sa hannu ya ɗebi saman tari ba, domin manyan ƙwayoyi gefe suke gangarawa, masu nauyi kuma ƙasa suke nutsewa. Wannan kason da aka ware ne ke shiga injin niƙa. Ƙa'idar da aka saba gani a takardun ɗakunan gwajin ma'adinai ita ce kashi 85 cikin 100 na garin ya wuce rariya mai ido maikiron 75. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, 75 ɗinsa kuwa daidai da kaurin silin gashi ne. Tsakuwa guda mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe, idan ta niƙu zuwa wannan laushin, ta koma ƙwayoyi fiye da miliyan biyu.

Dutse yana yarda a yi masa haka ne saboda gautsinsa. Abu mai gautsi, kamar gilashi, gawayi, siminti, ƙashi busasshe ko ƙasar da ta ƙame, ba ya lanƙwasa idan an matsa masa, tsagewa yake yi. A. A. Griffith, injiniya ɗan Ingila, ya bayyana dalili a 1921 bayan gwaje-gwajen da ya yi da gilashi: irin waɗannan abubuwa cike suke da ƙananan tsaguwa da ido ba ya gani, ƙarfin duka kuma a bakin tsaguwar yake taruwa har ta yage ta ratsa abin gaba ɗaya. Wannan bayanin ya kuma nuna abin da ya sa ƙarshen niƙa ya fi farkonsa wuya. Babban dutse yana da tsaguwa barkatai, bugu ɗaya ya ishe shi. Ƙwayar da ta riga ta ƙanƙance kuwa raunukanta sun ƙare, sai an yi da gaske kafin ta sake rabuwa. Idan aka ƙara matsawa, ƙwayoyin sukan fara manne wa juna su yi curi a jikin kwano, inji yana ta aiki gari kuma ba ya ƙara laushi.

Injin da ya fi yawa a ɗakunan gwajin duwatsu shi ne mai zobe da dunƙule. Kwano ne na ƙarfe mai kauri, mai nauyin da sai an sa hannu biyu, a cikinsa akwai zobe ɗaya ko biyu da wani dunƙulen ƙarfe a tsakiya, dukkansu a sake. Ma'aikaci ya zuba tsakuwar a tsakanin zobban, ya share bakin kwanon tas domin murfi ya zauna daidai, ya ɗora shi a kan inji ya danne da maɗauri, ya rufe ƙofar akwatin. Da ya danna maɓalli, wani nauyi da aka ɗaura a karkace a jikin injin ya shiga girgiza kwanon, zobba da dunƙule su yi ta wulwulawa suna dukan juna da bangon kwano. A daƙiƙun farko ƙarar mai kaushi ce, kana jin tsakuwa tana fashewa. Can sai ta sauya ta koma gunji mai santsi, wanda ya daɗe a aikin kuma da kunne yake gane cewa an kusa. Minti biyu ko uku an gama. Ya buɗe murfi, kwanon ya yi ɗumi a hannu, ya ɗaga dunƙulen ya goge shi da burushi, ya juye garin a kan takarda mai tsabta. Wasu sukan murza kaɗan tsakanin yatsu su ji ko da sauran tsakuwa. Ido ba mudu ba ne, ya dai san kima, amma a wannan aikin kima ba ta wadatar ba. Ɗakin gwaji mai kula yakan ware samfur ɗaya cikin adadi sananne ya tace shi a rariyar maikiron 75, ya rubuta abin da ya wuce da abin da ya tsaya.

Akwai wasu injinan. Turmi da taɓarya na hannu bai bar ɗakin gwaji ba har yau, kuma a 1923 ne F. Kurt Retsch na Jamus ya sa masa inji, ya zama turmi yana juyawa taɓarya tana murzawa. Kamfaninsa na nan da sunan Retsch. Akwai mai ƙwallaye, inda ake sa samfur a tulu tare da ƙwallayen ƙarfe ko na dutse, tulun yana juyawa ta wannan gefe, faifan da yake kai yana juyawa ta wancan, ƙwallayen suna tsallake ciki suna faɗa wa garin. Shi ne ake nema idan ana son laushin da ya gangara ƙasa da maikiron 10. Kamfanin Fritsch ya yi suna a kansa, kuma mazauninsa Idar-Oberstein, garin da ya shahara tun da daɗewa da sassaƙar dutsen aƙiƙ, wanda ake sa wa zobe. Da wannan dutsen ake yin turmi da tulun niƙa mafi tsabta.

Maganar tsabta ita ce inda na fi son mai karatu ya tsaya. Duk abin da ya niƙa wani, shi ma yana niƙuwa. Farin dutsen nan mai ƙyalli da masana ke kira kwaz, wanda shi ne yawancin yashi, taurinsa 7 ne a ma'aunin Mohs mai hawa 10, wato ya fi yawancin ƙarfe tauri. Idan an niƙa shi a kwanon ƙarfe, garin zai fito da ɗan ƙarfen da ba nasa ba, tare da kuromiyam idan ƙarfen yana da shi. Kwanon tangistin kabayid ya fi tauri nesa ba kusa ba, ga saurin aiki, amma yana barin tangistin da kobal. Na zakoniya yana barin zakoniyam. Aƙiƙ ba ya barin komai sai silika, sai dai yana da tsada, yana da jinkiri, kuma yana iya tsagewa idan an yi masa garaje. Babu kwanon da ba ya barin sawu, saboda haka tambayar da ake fara yi ita ce: me za a auna? Mai neman zinare bai damu da ɗan ƙarfe ba, kwanon ƙarfe ya ishe shi. Mai neman tangistin a duwatsun Filato ko Bauchi, idan ya bari aka niƙa masa a kwanon tangistin kabayid, kwanon zai auna ba dutsensa ba.

Sai kuma ragowar samfurin da ya gabata. Duk wadda ta taɓa kai niƙan gero inji ta bi bayan mai barkono ta san zancen: kununta sai ya yi yaji, ko da mai inji ya rantse ya kakkaɓe. A ɗakin gwaji abin ya fi haka muni, domin abin da ake nema kashi ɗaya ne cikin miliyan. Dutse mai zinare da yawa ya wuce, ya bar ɗan shafe a jikin zobe, dutsen banza ya biyo baya ya kwashe, takarda ta ce akwai arziki inda babu. Maganin shi ne a hure kwano da iska mai ƙarfi bayan kowane samfur, a kuma niƙa tsabtataccen yashin kwaz a zubar idan wanda ya gabata mai nauyi ne. Kamfanoni masu hankali sukan cusa jakar dutsen da suka san babu komai a cikinsa a tsakiyar jakunkunansu ba tare da sun faɗa ba. Idan ta dawo da zinare, sun san ba a wanke kwano ba. Ina ganin wannan dabarar ta fi duk wata takardar shaida da aka rataye a bango faɗin gaskiya.

Shi zinaren kansa ba shi da gautsi. Duka ba ya farfasa shi, shimfiɗa shi yake yi ya zama falle, ya lafe a jikin ƙarfe. Shi ya sa idan dutse yana da manyan ƙwayoyin zinare ake tace garin duka, a narka abin da ya tsaya a rariya daban, a gwada wanda ya wuce daban, sannan a haɗa lissafi. Roba, gashi da ganye mai danƙo su ma ba sa niƙuwa haka nan, sai an tsoma su a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, su ƙame su yi gautsi na ɗan lokaci. Gyaɗa kuwa tunkuza take komawa saboda mai. Amma dole a niƙa ta, domin gubar aflatoksin da funfuna ke haifarwa, wadda aka gano bayan mutuwar talotalo kimanin 100,000 a Ingila a 1960, ba ta bazuwa daidai a cikin buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne ke ɗauke da ita, sauran lafiya lau. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar da ke cikin gyaɗar ci ta wuce kashi 4 cikin biliyan ba, kuma a babban kaya ana ɗiba daga wurare 100 a tara kilo 20 kafin a markaɗe. Ɗan kasuwar da ya ɗebi tafin hannu ɗaya a kasuwar Dawanau ya kai gwaji aka ce masa babu komai, kada ya yi mamaki idan sakamakon tashar jirgin ruwa ya bambanta.

Wuce gona da iri ma ɓarna ne. Niƙa mai tsawo yana kawo zafi, zafi yana korar ruwan da ke cikin wasu ma'adinai, yana sauya yanayin ƙarfen da ke cikinsu, yana rusa tsarin laka har na'urar da ke gane ma'adinai da hasken eksire ta kasa gane ta. Ƙasar noma ma ba a niƙa ta da ƙarfi a gwajin taki na yau da kullum. Shanya ta ake yi a inuwa, a murmushe curin a hankali, a tace a rariyar milimita 2, domin tsakuwar da saiwa ba ta ci bai kamata ta shiga lissafin abincin shuka ba.

Wanda ya riƙe wannan mataki ya riƙe sakamako, kuma macuta sun san haka. A shekarun 1990 kamfanin Bre-X na Kanada ya yi shelar ya gano zinare fiye da oza miliyan 70 a Busang, cikin dajin Borneo na Indonesiya, darajar hannun jarinsa ta haura dalar Kanada biliyan 6. Al'adar aikin ita ce idan an haƙo sandar dutse daga ƙasa a tsaga ta biyu, a niƙa rabi a adana rabi domin mai son sake dubawa. Su kuwa kusan duka suke farfasawa. A cikin wannan farfasasshen dutsen aka riƙa barbaɗa zinaren da aka saya wurin masu wanke yashi a rafi, kafin jakunkuna su isa ɗakin gwaji. Ɗakin gwajin ya auna abin da aka kawo masa, ya rubuta. A 1997 kamfanin Freeport ya haƙa nasa ramukan a wurin bai samu abin kirki ba, da aka duba ƙwayoyin zinaren da madubin ƙara girma sai aka ga gefunansu a goge suke, irin na zinaren da ruwa ya daɗe yana gungurawa. Dubban mutane sun yi asarar abin da suka tara.

Mu a nan, darasin garin dutse da rayukan yara muka biya shi. A 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga Bagega ma abin ya yi tsanani. Dutsen gwal da ake haƙowa a yankin yana ɗauke da dalma mai yawa. Mutane suna kawo shi cikin gari, a daka a turmi a tsakar gida, a niƙa a irin injin da ake niƙa hatsi, ƙura ta lulluɓe ɗaki da tsakar gida da hannun yaro mai rarrafe. Dalmar da ke kulle a cikin dutse shekaru aru-aru ba ta taɓa kowa ba sai da aka mai da ita gari, domin laushin da ke sa sinadari ya narkar da samfur cikin sauƙi a ɗakin gwaji shi ne ke sa cikin yaro ya tsotse gubar. Yara kimanin 400 suka rasu. A wasu wurare an auna dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan a ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin 400 ce. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Shi ya sa masana suka dage a fitar da niƙa daga cikin gari, a kuma riƙa niƙawa da ruwa domin ƙura ta kwanta. Ma'aikacin ɗakin niƙa ma ba tsira ya yi ba, ƙurar kwaz tana taruwa a huhu ta ƙamar da shi, ciwon kuma ba ya warkewa. Kwano mai rufi, na'urar zuƙe ƙura da abin rufe hanci na gaske haƙƙinsa ne a kan wanda ya ɗauke shi aiki.

Ɗakunan gwaji ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Hukumar binciken ma'adinai ta Najeriya tana da babban ɗakin gwaji a Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi a Zariya inda ake auna sinadarai da ƙaramin injin nukiliya tun 2004, masana'antun siminti na Kalambaina, Ashaka da Obajana kuma a kai a kai suke niƙa samfur su danne shi ya zama ƙwaya su sa a na'urar XRF mai auna sinadarai da hasken eksire, domin hasken na'urar fatar sama kawai yake karantawa, in garin ba ɗaya ba ne amsa ta karkace. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kallon aikin. Idan kuɗi ya samu, na'urar awo mai allo da kwamfuta ake fara saye, ita ake nuna wa baƙi. Ɗakin niƙa kuwa a bayan gini yake, a hannun ma'aikacin da ya fi kowa ƙarancin albashi da horo, da kwano ɗaya da ya sha duka ya lotse, da rariyar da ta yage aka ci gaba da amfani da ita. A ra'ayina an juya lamarin. Kuskuren da aka yi wajen ɗiba da niƙa ya fi na awo girma sau da yawa, kuma babu na'urar da za ta gyara shi daga baya.

Saboda haka, mai karatu, ko kai ɗalibi ne mai rubuta kundi, ko manomi, ko mai shirin sa kuɗinsa a ramin ma'adinai, duk ranar da aka miƙo maka takardar sakamako kada ka tsaya a kan lambar da ke ƙasa. Ka tambayi kilo nawa aka kawo, nawa aka niƙa, a wane irin kwano, zuwa wane laushi, da me aka wanke shi tsakanin samfur da samfur. Sannan ka nemi a ba ka ragowar garin, ka kai wani ɗakin gwaji a sake aunawa kafin ka biya kowa.